Lemon Tsamin Anti Sanije

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, muna tsaka da fere kabewa a kicin ɗinmu na ciyar da jama'a a garin Shepparton, labari ya iske mu cewa Allah ya yi wa Anti Sanije Murati rasuwa bayan gajeriyar jinya. Muka yi kuka mai isarmu, sannan muka koma kan kabewar, domin da kina nan, Anti, da kin tambaye mu ko kukan za mu zuba wa mutane a kwano da rana.

Shekara da shekaru ina aiki a ƙarƙashinki, ban taɓa jin kin yaba yankan albasata ba. Faɗa kam Allah ya ba ki, ga ludayi kullum a hannu kina nuna mutum da shi. Amma ban ga wanda ya taɓa fita daga zauren nan da yunwa ko da kunya ba, kuma dalilin wata doka ce da kika kafa: duk wanda ya kawo gudummawa sai ya zauna ya sha miya tare da kowa, in ba haka ba ya kwashe kayansa. Na tuna wani mai babban kanti da ya kawo burodi cike da mota, ya ce sauri yake yi. Kika ce, “To ɗan nan, kai da burodinka sai ku yi saurin komawa.” Haka ya zauna da kwat ɗinsa tsakanin masu tsinkar tumatir, har da neman ƙari. A teburinki ba a gane mai bayarwa da mai karɓa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda kika yi da Clive Hartigan, tsohon manomin tuffa da ya daɗe yana sauke mana akwatuna a ƙofar baya. Shekarar da aka yi ambaliya, ruwa ya kashe masa gona, ba a jima ba matarsa Noreen ta rasu. Ya daina zuwa. Muna ganinsa a gari yana ramewa, wando na neman zame masa. Manoman yankinmu kuwa sun iya bayarwa, ba su iya karɓa ba. Muka kai masa abinci har gida, ya yi godiya ya ce a ba mabuƙata. Hankalinmu ya tashi, don a fili take yunwa ce ke cin bawan Allahn nan.

Sai kika ce in kai ki gonarsa. Ko gama gaisawa ba ku yi ba kika hau shi da faɗa.

“Clive, ashe ba ka da kirki? Ka bar ni ina sayen lemon tsami a kanti, ga naka yana zuba a ƙasa?”

“Kwashi duka mana, Sanije.”

“Da wane bayan zan kwasa? Kuma ni na ranar nake so, ba kwantai ba. Kullum ka kawo min da ƙafarka.”

Washegari sai ga shi da lemo cike da hularsa. Ya ajiye zai juya, kika nuna masa kujera da ludayi. Ya san dokar, shi ma ya sha yi wa waɗanda ta kama dariya, don haka ya zauna. Daga nan lemon tsami ya ci kicin ɗinmu da yaƙi. Muka matsa a miyar wake, muka matsa a shayi, muka wanke tukwane da shi, har haƙoranmu suka mutu. Da na yi ƙorafi kika ce, “Nermin, rufe min baki ki matsa.” Clive kuwa ya murmure, kumatu suka dawo, har ya fara sukar gishirin miyarki.

Da kika tafi, fargabarmu ita ce kada ya sake ɗauke ƙafa. Kwana ɗaya da binne ki ya shigo da hularsa a hannu. Na yi maza na tare shi, na ce, “Baba Clive, wallahi har yanzu muna matuƙar buƙatar lemon nan.”

Ya yi dariya, idonsa cike da ƙwalla. “Yarinya, ba ki iya shirya zance kamar ta ba. Bishiyar lemon da ke bayan gidanta ni na dasa mata, kuma ta fi tawa 'ya'ya nesa ba kusa ba.” Ya juye lemon a kan tebur, ya ja kujera da kansa. “Zubo miyar, ki rage gishiri.”

Ashe tun ranar farko ya sani, Anti, kuma ke ma kin san ya sani. Na zuba masa ina dariya ina hawaye.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki Ilir da Drita, da jikokinki, da duk wanda ya taɓa zama a teburinki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Yadda kika ciyar da bayinsa ba tare da kin sunkuyar da kan kowa ba, Allah ya rufa miki asiri ranar tsayuwa, ya zaunar da ke a Aljanna Firdausi. Amin.