Ihun da Na Yi a Zauren Ches

Asabar, Birnin Gwari

Ana sallame sallar asuba na nufi tasha da goro a aljihu. Ƙanena Garba ne ya aiko in je Kaduna. Shi mahaifinmu ya bari a makaranta, ni aka cire ni daga aji huɗu aka miƙa mini fartanya a Kusasu. Shi ya zama babban gwanin ches, wasan nan na Turawa mai sarki da doki, ya zaga ƙasashe, yanzu yana horar da wasu. Ni na zama gwanin dara a gindin ɗorawa. Shekara goma sha ɗaya gaisuwar Sallah kawai ke haɗa mu, ita ma a waya. Abin da na tafi gani ɗaya ne: zai nuna ni a gaban mutanensa, ko zai ɓoye ni a bayan gida?

Motar hayar, wata Golf, ta cika ƙarfe shida, amma direba ya ƙi tashi sai bakwai da kwata, sai da motoci suka taru.

"Malam, dajin nan ba a shigarsa kai kaɗai," in ji shi.

"To ka sa mu sammakon banza."

"Ai ka samu gaban mota."

Hanya

Kilomita ɗari da ashirin da 'yan kai, amma awa huɗu muka yi. Shingen jami'an tsaro bakwai na ƙirga. Tsakanin Kuriga da Udawa ba wanda ya yi tari, wata tsohuwa a baya sai jan carbi take. A Buruku muka sauke numfashi, na ci waina da miya ta ɗari biyar. Ba ta kai ta gida ba.

Kaduna

Sha ɗaya da rabi na isa zauren gasar. Garba ya tare ni a ƙofa, ya yi furfura fiye da ni, abin da ya ɗan yi mini daɗi.

"Yaya, sannu da hanya. Ɗalibata Saratu ce ke wasan ƙarshe. Zauna nan gaba."

Mutum kusan ɗari, amma tsit kamar ana huɗuba. Kowane tebur da agogonsa, a tura ɗa a danna. Mu a dara 'yan kallo su ne rabin wasan. Ka yi wauta a gaya maka, har a haɗa da kakanka. Na daure minti arba'in. Sai na hango dokin abokin karawar Saratu tsaye a fili ba mai tsaronsa, ita kuwa ta tallabe haɓa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ke! Ci dokin nan mana! Barci kike?"

Alƙalin wasa ya tsayar da agogo. Ashe a wannan wasa in aka ba ɗan wasa shawara daga waje, ana iya ƙwace masa wasan ɗungurungum. Shekara uku yarinyar nan tana shiri. Aka raka ni waje, na zauna kan dakali ina jiran Garba ya zo ya ba ni kuɗin mota. Na ce a raina, ga dalilin ɓoye ni na ba shi da hannuna.

Bayan awa ɗaya ya fito yana share hawayen dariya.

"Yaya, Allah ya taimake mu ba ka iya ba. Tarko ne dokin. Da ta ci, da an kashe mata sarki a taku uku. Alƙali ya ce wannan ba taimako ba ne, a ci gaba."

"Ta ci wasan?"

"Ta ci. Taso."

"Ina? Ai an kore ni."

Ya kama hannuna har gaban jama'a. Ya ce, "Wannan yayana ne, Sale. Shi ya fara koya mini dara da tsinke da tsakuwa. Duk sanda na yi garaje sai ya doke mini hannu ya ce in duba abin da aka ɗana mini tukuna. Abin da nake koya muku ke nan har yau."

Saratu ta durƙusa ta gaishe ni. "Baba, yau kai ne ba ka duba ba."

Aka yi ta dariya. Ban ji haushi ba, kuma ni mutum ne mai saurin jin haushi.

A gidansa na sauka, ɗakin baƙi na gaba. Matarsa ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Bayan la'asar na haƙa gurabun dara a tsakar gidan, na ci shi sau uku a jere. Ban tambaye shi ko bari ya yi ba.

Lahadi, komowa

Takwas muka tashi, azahar ta yi mana a Birnin Gwari lafiya. Na gode wa Allah da ya ratsa da mu dajin nan zuwa da dawowa. Na gode wa direba Ɗanlami, da alƙalin da ya yi adalci, da Saratu. Aji huɗun nan har gobe yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma Garba ya ce zai zo gida lokacin kaka, na kuma gaya wa 'yan gindin ɗorawa su tanadi bakinsu.