Uwar Matsalolin Duniya a Wuyan Ba Bukar

A shekarun da na yi ina aikin raya karkara a Azare, akwai ranar da ko tsufa ya wawashe mini sauran, ita kam ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da muka tara mutanen wani ƙauye a bakin kogin Jama'are, gab da garin Katagum, muka ce su nuna mana uwar matsalolin duniya, suka nuna mana ciwon haƙori.

Lokacin ina mataimakin jami'i, wato wanda ake turawa inda manya ba sa son kai motarsu. Wata ƙungiya ce ta zo, aikinta tattara matsalolin duniya a kundi guda, tun daga yaƙi har ƙwarƙwata. Ba tarawar kaɗai ta dame su ba. So suke su ji yadda kowane rukunin mutane yake ganin wace matsala ce ke haifar da wace, don abin da manomi ya gani ba shi makiyayi ya gani ba. Jagorar tawagar Dakta Ngozi ce, 'yar kudu, mace mai kirki da son aikinta, amma Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Ni aka haɗa da ita in yi mata tafinta.

Tun a hanya ta gaya mini wani abu, ta ce in riƙe shi a cikina. Duk matsalar da ƙauye ya nuna ita ce uwa, a kanta ƙungiyar za ta yi musu aiki guda ɗaya tak. Ba a gaya wa mutane, don kada kowa ya ja ruwa gonarsa.

Ni kuwa na san ƙauyen nan kamar yunwar cikina. Kowace damina kogi sai ya gatsi gaɓa ya tafi da ita, kuma gidan da ke kan layi yanzu na Ba Bukar ne, wani dattijo Babarbare mai sayar da kanwa. Ruwa ya riga ya kwashe masa garken awaki da katangar baya. Saura ɗakunan da yake kwana shi da iyalinsa da jikoki. In ba a yi wa gaɓar nan jinga ta dutse da siminti ba, damina mai zuwa ba za ta bar shi ba. Sai na ce a raina abin ya zo da sauƙi, makaho ma ya san ambaliya ce matsalar garin nan.

Ga yadda ake aikin. Akwai katuna masu hoto, kowane da matsala ɗaya, an yi musu igiyar ratayawa. A raba wa mutane ba zaɓe, kowa ya rataya nasa a wuya. Sannan a ba mutum kirtani, ya je ya ɗaura a hannun wanda yake ganin matsalarsa ce ta haifi tasa, ya faɗi dalili. Wanda kirtani ya fi yawa a jikinsa, shi ke rataye da uwar matsaloli. An ce an gwada dabarar a ƙasashe da dama ta yi kyau. Ban musa ba, amma ba a gwada ta a ƙasar Katagum ba.

Muka taru a gindin tsamiya da hantsi, manoma da masunta da Fulanin rugagen kusa, mata a gefe kan tabarmi. Aka raba katuna. Wakilin dagaci ya sami cin hanci, ya duba hoton, ya gyara rawani ya rataya. Katin ambaliya ya faɗa hannun wani bawan Allah mai shiru-shiru da ko sunansa ban riƙe ba. Ba Bukar kuwa, wanda goro ya bar masa haƙora kamar tsohon shinge, ya sami ciwon haƙori.

Ku yaran yanzu wataƙila sai an tuna muku: Bafillace da Babarbare abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Kowa cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne, kuma duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya, ba fushi ba ƙara. To Arɗo Buba, shugaban Fulanin yankin, shi aka fara ba kirtani, yana rataye da ƙarancin abinci. Ko duban sauran katunan bai yi ba, ya nufi Ba Bukar.

"Miƙo hannu, bawana," in ji shi. "Yau hukuma da kanta ta ba ni igiya."

"Ɗaura, Fulata," in ji Ba Bukar, don haka Barebari ke kiran Bafillace. "Ai dama aikin bawa ne ya yi wa ubangidansa ado."

Dakta ta ce in tambayi dalili. Arɗo bai ko yi murmushi ba ya ce, "Mai ciwon haƙori ba ya tauna. Fura yake sha, ya shanye nonon duniya, yara su rasa."

Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Duk Bafillacen da aka ba kirtani sai ya zarce wurin Ba Bukar. Mai ɗumamar yanayi ya ce nishin masu ciwon haƙori ne ke ƙara zafi. Mai yaƙi ya ce ba a taɓa ganin mai ciwon haƙori da haƙuri ba. Manoma suka ga abin ya yi armashi, su ma suka bi sahu. Wakilin dagaci yana zaune da cin hancinsa, ko kirtani ɗaya bai je gare shi ba, don wa zai tashi a gaban jama'a ya ɗaure wakilin dagaci? Wani magidanci ya doshi katin da yake so, ya ga a wuyan surukinsa yake, ya sunkuyar da kai ya yi kwana, shi ma ya ƙare a kan Ba Bukar. Kafin azahar dattijon nan ya koma kamar ragon da za a kai kasuwar Azare, yana ta ƙyaƙyata dariya, bai san gidansa yake yi wa dariya ba.

Ni kam dariya ta ƙi zuwa. Ina fassarawa ina tunanin gaɓar nan.

Dakta kuwa murna kamar ta taka rawa. A mota ta ce, "Malam Habu, ba mu taɓa samun wannan a ko'ina ba. Manoma da makiyaya baki ɗaya a kan lafiyar haƙori! Zan nemi a turo musu likita da buroshi."

Na ce, "Dakta, ki yi haƙuri in ɓata miki rana. Ba katin suka ɗaure ba, mutumin suka ɗaure. Da ƙwarƙwata ya rataya, da yau ƙwarƙwata ce uwar matsalolin duniya."

Na warware mata zancen wasan Fulani da Barebari, da kunyar suruki, da girman wakili. In faɗi gaskiya, ba ta yi girman kai ba. Ta ce, "To gobe mu sake. A kafa turaku, a rataya katunan a jikinsu. Turke ba shi da suruki."

Na yaba da dabarar, har na ji haushin ban riga ta ba. Ashe da sauran rina a kaba.

Washegari aka kafa turaku kamar za a ɗaure tumaki. Da farko ba wanda ya motsa, wani ma cewa ya yi shi bai saba yi wa itace bayani ba. Can wani manomi mai suna Malam Sale ya tashi, ya ɗauki kirtani ya ɗaura a turken rikicin manoma da makiyaya.

"Dalilina a fili yake," in ji shi. "Shanu sun cinye mini shinkafa bara, sun cinye bana. Ba na kama suna, amma shanu ba su da wani ubangida a nan sai wanda kowa ya sani."

Wani Bafillace ya zabura ya ɗaura nasa a turken nan dai, ya ce ai shanu ba sa tashi sama, manoma ne suka nome burtali, wato hanyar da dabbobi ke bi zuwa mashaya. Nan da nan murya ta hau murya. Kirtani yana ta taruwa a turken rikici, sanduna kuma suna ta tashi daga ƙasa. Arɗo Buba ya miƙe, fuskarsa ba annuri. Na tambayi Dakta a hankali, in rikici ya yi nasara me za a yi musu. Ta ce taron bita na zaman lafiya, a otal a Azare. Na ce a raina, Ba Bukar, jiya buroshi, yau shinkafa da lemo.

Ana cikin haka sai dattijon ya tashi yana dogara sanda. Bai san da zancen aiki ba, ya dai ga abokin wasansa zai yi abin da za a yi da-na-sani. Ya je ya zare katin ambaliya daga turke.

"Wannan tawa ce," in ji shi. "Da ita nake kwana, da ita nake tashi, ba zan bar wa turke ba." Ya rataya a wuya, ya shiga tsakiyar fili. "Kai Fulata! Ka tsaya kana zare ido kamar ɗan maraƙin da aka hana nono. Zo ka gaida ubangidanka."

Dakta ta ɗaga hannu za ta hana. Na ce, "Don Allah ki bari, ki saurari dalilan kawai."

Arɗo ya dube shi, ya dube shi, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yar da sanda ya ɗauki kirtani.

"Kai ne ruwa ko? To tsaya ka ji laifinka, mugun bawa. Fadamar da muke kiwo da rani, kai ka cinye ta. Mashayarmu ka mayar da ita gaɓa mai tsawo, saniya ta leƙa ta faɗa. Ina za mu bi in ba ta gonar Sale ba?"

Malam Sale ya yi tsaki, amma ya taso. "Ni ma da nawa. Gonar ubana tana ƙarƙashinka, Ba Bukar. Da ka bar mini ita, me zai kai ni noman burtali?"

Wani masunci ya ce yashin gaɓar da ke zubewa ne ya cike guraben kifi. Wata dattijuwa ta aiko da nata kirtanin daga kan tabarma, ta ce a gaya wa ruwa kududdufan da yake bari su ke kawo sauro, jikokinta ba sa rabuwa da zazzaɓi. Ana ɗaure shi ana tsokanarsa, yana ramawa, Dakta kuma alƙalaminta har gudu yake. Wannan karon ba na jin kunyar abin da nake fassarawa.

Da aka gama ta ce in tambayi Arɗo, da ba Ba Bukar ne da katin ba, zai ɗaura?

"Da ba shi ba ne, da yanzu muna wurin 'yan sanda," in ji Arɗo. "Amma abin da na faɗa ba wasa ba ne. Ta zo ta gani."

Ta kuwa je. Ta ga mashayar, ta ga burtalin, ta tsaya a inda katangar Ba Bukar take a da, ta leƙa ƙasa ta ja da baya da sauri. A nan ta ce yanzu ina iya gaya musu. Na gaya musu cewa abin da suka ɗaure a kansa za a yi musu aiki, kuma aikin jinga ce.

Ba Bukar ya juya ya dubi wajen gidansa. Ya zauna a kan kututture da kirtani a jikinsa, ya sa gefen rawani yana goge ido. Ni ma sai da na kau da kai.

Da rani ya yi aka fara aikin. Motar dutse ba ta iya sauka bakin gaɓa, sai ga Arɗo da amalanken shanu, ba wanda ya aika masa. Ba Bukar ya fito zai yi godiya, Arɗo ya tare shi.

"Riƙe godiyarka. Dukiyata nake tsarewa. In ruwa ya tafi da kai, a ina zan sami wani bawan mai mummunan baki irin naka?"

Abin da na koya ke nan, ku da za ku gaje mu. Mutanenmu sun san yadda matsalolinsu suke sarƙe da juna sarai, amma ba kowa suke gaya wa ba, kuma ba ta kowace ƙofa maganar take fita ba. In kun shiga gari, kafin ku buɗe jaka ku tambaya wa ke jin kunyar wa, wa kuma ke wasa da wa. Maganar da za ta sa a zare sanda in an gaya wa maƙwabci, abokin wasa za a gaya wa ita a yi dariya, a kuma gyara.