Fulogin da Baba Ya Damƙa Mini

Ranar wata Laraba ce cikin bazara, ina da shekara tara, a wani gida a unguwar Hausari. Mu huɗu ne a tsakar gidan: mahaifina Ba Modu mai shiga rijiya, abokin aikinsa Ishaku mutumin Biu da ke riƙe masa igiya, Hajja Yagana matar gidan, sai ni, Fanna. Injin jan ruwan gidan mai aiki da lantarki ne ya kafe cikin laka a ƙasan rijiya, kwana uku randunan Hajja a bushe.

Tun safe babu wuta a unguwar, amma Baba bai yarda da wannan ba. Ya cire fulogin injin daga bango, ya jawo wayar har gindin darbejiya inda nake wasan 'yar carafke, ya damƙa mini a tafin hannu. Kullum abin da yake faɗa ke nan: "Wutar da aka ɗauke ba ta sallama idan za ta dawo." Ya yi bisimilla ya sauka, ruwa ya rufe kansa. Yakan taso ya sha iska, ya sake nutsewa.

Yana ƙasa muka ji ihun yara daga layi, an kawo wuta. Hajja ta fito daga madafa da gudu, hannunta duk garin kuka. Ba mugunta ta kawo ta ba, Allah ya ji ƙanta. A ganinta in aka kunna injin zai zuƙe ruwan, Baba ya samu sauƙi. Ta ce, "Kawo nan, 'yata, mu rage wa babanki ruwa." Na ce a'a. A gidanmu yaro ba ya ce wa babba a'a, ban taɓa yi ba sai ranar. Ishaku yana ta ce mata ta bari, amma ba shi da halin sakin igiya. Ta murɗe mini kunne, ta kai mini mari. Na tura fulogin ƙarƙashina na zauna a kai, idona a kan igiyar, wadda ta daɗe ba ta motsa ba.

Can igiyar ta girgiza. Baba ya fito yana haki, ya shimfiɗa wayar a gaban Hajja: ta ɗaye a wuri biyu, jan ƙarfen a fili. Hajja ta zauna daɓas a ƙasa.

Yanzu burtsatse ta cika gari, masu shiga rijiya sun ƙare, Baba ma ya daɗe a kabari. Ban yi boko ba, amma duk mai gyaran da zai shiga tankin gidana, sai fulogi yana hannuna. Jikokina suna dariya. Su yi ta yi.

Washegarin waccan Larabar da sassafe innata ta tura ni ba Hajja haƙuri. Na je na durƙusa na ce ta yafe mini rashin kunya. Ban ce na yi kuskure ba, ita ma ba ta nema ba.