Kujerar Bayan Marsandi

Ba zan ɓoye ba, shekara goma sha ɗaya na yi ina jin haushin motar yayana. Sunansa Zainulabidin, amma duk Boɗinga Zainu Tela ake ce masa. Rumfarsa na bakin kasuwa, da keken ɗinki ɗaya mai ƙafa da benci ɗaya. Mutumin da bai taɓa sayen tsire ya ci shi kaɗai ba, wai shi ne mai Marsandi. Fara ce, ko kuwa in ce ta taɓa zama fara, kuma ta girmi duk samarin da ke tsayawa suna leƙa fuskarsu a madubinta.

Ni ce ƙanwarsa, Juwairiyya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, don haka babu abin da motar nan ta ci wanda ban gani ba. Ta sha baƙin mai, ta ci fulogi, ta ci taya. An kai lagiretonta Sakkwato an like ya fi sau biyar. Duk makaniken da ya buɗe gabanta sai ya dafe kai ya ce Jamusawa ba su yi ta don ƙurar nan tamu ba. Yaya Zainu ba ya musu da kowa. Sai ya tsuguna gefe ya zuba ido, har ya koyi rabin aikin da kansa. Kujerunta da suka yage shi ya ɗinke su. Kullum bayan sallar asuba sai ya tayar da ita, ya saurari injin, ya kashe, sannan ya tafi rumfa a ƙasa. A ƙasa fa! Mutane suna dariya, suna cewa Zainu ya auri mata mai cin abinci ba ta girki.

Waɗanda suka san asalin abin ba sa dariya.

Matarsa ta fari Mairo ce. Lokacin muna zaune a ƙauyenmu, can bayan Danchaɗi. Ta haihu a gida da hantsi, aka sami mace, amma jini ya ƙi tsayawa. Babu mota a ƙauyen. Aka shimfiɗa tabarma a amalanken shanu aka ɗora ta, ina riƙe da kanta, Yaya yana gaba yana dukan shanun yana kuka. Shanu kuwa tafiyarsu suke yi. Muna hango bakin titi ta cika. Jaririyar aka raɗa mata Zahra'u, ni na goya ta. Daga ranar nan Yaya bai sake taɓa amalanke ba, ko a hanya ya haɗu da shi sai ya kau da kai.

Shekara goma sha biyu ya yi yana ɗinki yana tanadi. Ranar da ya tafi Sakkwato sayen mota na bi shi, kuma na ji kunya. Dillalai suna nuna masa ƙananan motoci masu sauƙin mai, shi kuwa sai ya buɗe ƙofar baya, ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa, ya auna kujera, ya girgiza kai. Har muka iso kan tsohuwar Marsandin da aka jingine a lungu, ba mai ko kallonta. Ya auna, ya sake aunawa, ya danna kujerar da hannu. A hanyar dawowa na balbale shi da faɗa, na ce ya kwaso mana wahala.

"Juwairiyya," ya ce, "ni nika ɗunka ma Mairo kaya. Na san tsawonta. Wagga kujera ta ishe ta kwanciya."



Tun daga nan motar ta zama ta mata masu naƙuda. Daga unguwarmu, daga ƙauyukan Danchaɗi, ko'ina aka kira shi sai ya ajiye almakashi ya tafi. Bai taɓa ɗaukar amarya ba, bai taɓa ɗaukar buhun albasa ba, duk da dillalan albasa sun sha lallaɓarsa. Ni kuwa haushina bai tafi ba, don ina ganin yadda take tsotse shi.

Ga wani abu kuma. Zahra'u 'yar fari ce, kuma a wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce. To Yaya ya ɗauki abin nan da zafi fiye da kowa. Ko sau ɗaya bai taɓa furta sunanta ba. Sai dai ya ce mini, "Ina ɗiyar taki?" In ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon zaren keke. Aka aurar da ita ga Mustapha, wani manomi a wani ƙauye bayan Lambara, ƙasar Shagari. Haihuwar fari ta zo gida kamar yadda aka saba, kuma ta zubar da jini har hankalina ya tashi. Ma'aikaciyar asibiti ta ja ni gefe ta ce haihuwa ta gaba kada a kuskura a yi ta a gida.

Bana ta sami ciki na biyu. Surukanta mutanen kirki ne, amma suka ce haihuwa ta biyu ba a kai ta gidan iyaye, a ɗakinta za ta zauna. Ƙauyen nasu babura kawai ke shiga da damina. Yaya kuwa sai na ga ya sayo sababbin tayoyin baya.

Nan ne ni, mai yawan surutu, na tafka ɓarna.

An yi wa Yaya aikin ido a Sakkwato, aka hana shi tuƙi sati uku, ya ba ni ajiyar makulli. Ina da gyaɗar iri da nake tanadi don shuka, ɓeraye sun dame ni a ɗaki. Na duba but ɗin motar, ga shi yana rufuwa gam, ya fi kowane rumbu. Na ce ai ko sau ɗaya motar nan ta yi mini amfani. Na zuba buhuna biyu a ciki. Ashe tsatsa ta huda ƙasan but ɗin. Ɓeraye suka shiga, suka ci gyaɗa, suka ƙoshi, suka koma kan wayoyi. Ranar da Yaya ya warke ya juya makulli, sai hayaƙi ya tashi. Mai gyaran wayoyin mota ya zo ya ɗaure abin da zai ɗauru, amma kik ya ƙone, wato abin da ke murza injin in an juya makulli.

Na so ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya dubi ɓawon gyaɗar ya ce, "Kwashe abinki."

Mai sayar da kayan gyara a Sakkwato ya aika Legas. Bayan sati biyu kik ya iso, aka gwada, bai shiga ba, na wata ƙirar ce. Aka sake aikawa. Watan haihuwar Zahra'u kuwa ya kama. Motar tana tashi, amma sai an tura ta da gudu an saki kuloci. Na ce masa ya nemi aron wata. Ya ce wa zai ba shi mota ya ajiye a ƙauye har tsawon wata guda?

Sai ya ɗaure keken ɗinkinsa a bayan motar, maƙwabta suka tura, muka nufi Shagari. A ƙauyen ya gaya wa Malam Haruna, uban Mustapha, wai ɗinkin kayan makaranta ya zo nema. Kowa ya san ƙarya ce. Uba ya tare a garin surukai saboda 'yar fari, ai abin a yi ta zance ne, kuma an yi. Malam Haruna dai ya ba shi zaure, bai tambaye shi komai ba.

Akwai ɗan tudu a bakin garin. Yaya ya ari fartanya, ya cika tsofaffin buhunan albasa da ƙasa, ya ƙara wa tudun tsawo. Kwana huɗu yana yi, da idon da aka ce kada ƙura ta shiga. Ya ajiye motar a sama, ya sa dutse a taya. Kowace safiya sai ya cire dutsen, ta gangaro, ya saki kuloci, ta tashi, ya koma da ita da baya. Da yamma ya bi hanyar Lambara a ƙasa yana cike ramuka da tsakuwa. Dattawan garin suna zaune gindin darbejiya suna kallo, suna cewa telan Boɗinga ya zama ɗan kwangila.

Ran wata Talata ruwa ya sauko tun asuba bai tsaya ba sai azahar. Daidai lokacin naƙuda ta kama Zahra'u, kuma tun kafin a je ko'ina na ga jini a zaninta. Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyata. Yaya ya cire dutse, motar ta gangaro, ya saki kuloci. Tayoyin suka ƙi juyawa, suka yi ta sulɓi a taɓo har ƙasan tudun. Shiru. Maza suka taru suka tura, ƙafafunsu suna zamewa. Shiru. Ƙasa mai tauri tana can gaba wajen burtali, kuma Marsandi ba abin da mutum shida za su kai can cikin taɓo ba ne.

Sai ga Malam Haruna da bijimansa biyu da amalanke.

"Malam Zainu," ya ce, "a ɗauko yarinyag ga a aza nan. In Allah ya so mu kai titi."

Na dubi yayana. Fuskarsa ta koma irin ta ranar Mairo.

"Ba ta hawa wanga abu," ya ce. "Ko ni ka goya ta, ba ta hawa nai."

"To mi za mu yi? Tsayuwa ba ta kai mu."

Yaya ya tsaya yana kallon shanun. Shekara ashirin da uku ke nan bai yarda ya dubi shanun amalanke ba. Sai ya ce, "Kwance amalanken. Ba ni igiya."

Ya kwanta cikin taɓo da farar rigarsa, ya ɗaura igiyar a ƙugiyar gaban motar, aka ɗaura ɗaya bakin a karkiya. Malam Haruna ya yi wa bijiman tsawa, suka sunkuyar da kai suka ja. Motar ta motsa. Suka fitar da mu daga taɓon har kan tsakuwar burtali, inda hanya ta ɗan gangara. Mustapha da sauran maza suna turi ta baya, tsoho Haruna yana gudu yana kaɗa sanda, bijiman suka ɗauki sassarfa. Yaya ya sa giya ta biyu ya saki kuloci. Motar ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Ya taka birki da sauri don kada ya buge ƙafafun shanun, Mustapha ya yanke igiyar da wuƙa ya faɗo kujerar gaba.

Mun wuce Lambara, mun hau kwalta, sai nishin Zahra'u ya tsaya. Hannunta ya saki nawa. Na girgiza ta ina kira, ba ta amsa ba. Na ce, "Yaya, ta yi shiru."

Bai waiwayo ba. Idonsa na kan hanya, ya ɗaga murya.

"Zahra'u! Zahra'u, amsa mani!"

Mustapha ya sunkuyar da kai. Ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, ita ma haka. Sai na ji yatsunta sun motsa.

"Na'am, Baba," ta ce can ƙasa-ƙasa.

"Kada ki yi kwana. Ga Shagari nan, Zahra'u. Ga ta nan."

Haka ya yi ta kira tana amsawa har ƙofar asibiti.

Ma'aikatan suka karɓe ta da gudu. Aka ƙara mata jini, na Mustapha. Bayan la'asar ta haifi namiji, jinin ya tsaya. Da ta farfaɗo ta dube ni ta ce, "Goggo, ashe Baba ya san sunana?" Na yi dariya ina share hawaye.

Na fito neman Yaya. Yana cikin motar, taɓo ya bushe a rigarsa, injin yana ta aiki. Awa uku bai kashe ta ba, don gudun kada a ce a wuce Sakkwato ta ƙi tashi. Ya miƙa hannu ɗaya baya ya dafa kujerar da jini ya ɓata.

"Sun tashi lafiya, Yaya," na ce. "Ita da ɗan."

Ya dube ni. Sannan ya juya makulli, motar ta yi shiru.

"Ki ce ma ɗiyar taki ina gaishe ta," ya ce.