Hatimin da Aka Buga a Ɗakinmu na Ka'akiyya

Ko shekara nawa Allah zai ƙara mini a duniya, ba zan manta da ranar da ɗana ya buga hatiminsa a kan zanen ginin baffansa ba. Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata ce take rubutawa ina faɗa mata.

Ni da maigidana, Allah ya jiƙansa, ta Sudan muka shigo Makka da ƙuruciyarmu, muka zauna a Ka'akiyya inda haya take da sauƙi. Shi yana sayar da carbi da dardumar salla a Aziziyya. Ɗa ɗaya Allah ya bar mana, sauran duk suna ƙanana suka koma. A nan aka haife shi, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, amma takardunsa na Najeriya ne irin namu. Da ya girma sai uban ya tura shi gida ƙasar Kano, wurin yayansa, ya karanta aikin injiniyan gini. A gidan baffan nan nasa ya ci ya sha har ya gama. Ya yi aiki a can, hukumar injiniyoyi ta ba shi lasisi da hatimi mai sunansa da lambarsa.

Da ya ga tsufa ya kama mu sai ya dawo. Wani ofishin zane a unguwar Shisha, nan Makka, ya ɗauke shi, su suka yi masa iƙama, wato takardar zama. Amma hatimin can ba ya aiki a nan. Shi zai zana, mai ofishin ya duba ya buga nasa. Ya ce yana neman rajistar nan ɗin, ana bin takardu a hankali. Hatimin kuwa yana cikin kabad ɗina bayan kofunan shayi. In na zo goge ƙura nakan ɗauke shi in juya, in ce wannan abu da aka sha wahala a kansa, ga shi nan kwance kamar ba shi da amfani.

Wata shekara baffan ya zo Umra ya sauka a wurinmu. Bayan la'asar, an ci shinkafa an ƙoshi, ina kicin ina haɗa shayi, sai na ji ana warware manyan takardu a kan darduma. Zanen bene ne, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, zai gina a garinmu. Wani ne da ba shi da lasisi ya zana masa, kuma hukumar can ta ce ba za ta ba da izini ba sai da hatimin injiniya.

"To Balarabe," in ji baffan, don haka yake tsokanarsa, "ɗauko abin nan naka ka danna mini."

Ɗana ya daɗe yana kallon takardun. Ya ce, "Ya ammi," haka yake kiran baffan da Larabci, "filin nan a ina yake?"

"Bayan tsohuwar kasuwa mana, inda kuke buga ƙwallo."

"Ai wurin kududdufi ne."

"An cike shi tun yaushe! Kai kana nan kana shan zamzam, gari ya ci gaba ya bar ka."

"Baffa, sai an gwada ƙasar. Kuma wanda ya buga hatimi shi ya kamata ya tsaya a kan aikin. Ni ina nan, ginin yana can. Bari in haɗa ka da abokina a Kano, ya je ya gani da idonsa."

Baffan ya yi dariya, irin wadda ba ta daɗi ba. Ya juya wurin ƙaninsa ya ce, "Ka ji ɗanka? Lokacin da yake cin tuwon gidana bai ce sai an gwada tuwon ba. Ni na riga na gaya wa mutane a Makka za a buga mini hatimi, kusa da ɗakin Allah, ginin ya samu albarka. Yanzu in koma in ce ɗan cikina ya tura ni wurin bare?"

Maigidana mutum ne da bai taɓa ɗaga ido a gaban yayansa ba. Ya ce wa ɗan a hankali, "Ya waladi, yi masa. Kada ka ba ni kunya."

"Abuya, ba sa hannun ɗaurin aure ba ne. In wani abu ya faru, ni za a nema."

"Babu abin da zai faru sai alheri. Yi masa."

Ɗana ya ɗauki biro ya yi ta gyara, ya ƙara rodi, ya rubuta cewa lallai a gwada ƙasa kafin a haƙa tushe, ya sa baffan ya yi alkawari. Baffan ya ce ya yi, har da rantsuwa. Sannan ɗana ya leƙo kicin ya ce, "Ummi, miƙo mini abin nan." Na miƙa masa. Ina jin ƙarar bugawar daga inda nake, takarda bayan takarda. Wallahi a ranar daɗi na ji. Na ce yau dai hatimin ɗana ya yi aiki. Na ƙara na'ana'a a shayin saboda murna. Shi kuwa bai sha ba, ya tashi ya fita.

Ba a gwada ƙasar ba. Rodin da ya ƙara ba a sa ba, har wani hawa aka ɗora wanda babu shi a zanen. Da damina ta yi tsakiya ginin ya rufta da leburori a ciki. Wasu an zaro su da rai, wasu sai gawa. A waya muka gani, mutane suna tonon ƙasa da hannu. Da hukuma ta kira baffan sai ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai san rodi ba bai san tushe ba, ga dai hatimin injiniya nan a takarda.

Aka aiko ana neman ɗana. Uban ya riƙe masa riga yana kuka, ya ce, "Kada ka je. Wa zai zo nan ya kama ka?" Ya ce, "Abuya, 'ya'yan mutane sun mutu a ƙarƙashin sunana. In na ɓuya a Makka, da wace fuska zan yi ɗawafi?"

Ranar tafiyar da safe tasi ya tsaya a ƙofar gida. Ɗan fari ne, tun yana jariri ban saba jan sa a jiki a gaban mutane ba. Ya durƙusa ya sumbaci hannuna, ya ce, "Ummi, ki yafe mini, ba zan daɗe ba." Bakina cike da magana, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya tsare."

A can aka karɓe lasisin da hatimin, kotu ta riƙe fasfonsa. Abin da ya rubuta a gefen zanen ya hana a ɗaure shi, amma bai wanke shi ba. Suka ce wanda ya san wurin kududdufi ne kuma ya buga, ya fi wanda bai sani ba laifi. Shari'a ta yi ta ja har iƙamarsa ta ƙare, ofishin Shisha suka ɗauki wani. Rajistar nan da yake nema ta mutu, don babu mai karɓar injiniyan da aka kora a ƙasarsa.

Maigidana bai ƙara zama mutum ba. Ya daina zuwa Aziziyya, sai ya zauna ya zuba wa bango ido. Ciwonsa bai yi tsawo ba. Maƙwabta ne suka ɗauke shi zuwa Harami aka yi masa salla, ɗansa yana can yana kuka a waya. Baffan ya aiko da gaisuwa ta bakin wani.

Yanzu ɗana yana can yana sayar da siminti a shagon wani. Yakan ce in taho, ni kuwa ƙafafuna ba sa kai ni ko bakin titi, kuma kabarin mijina da na 'ya'yana duk a nan suke. Shi ba shi da hanyar dawowa. Na daina tambayarsa yaushe, don na ji yadda muryarsa take karyewa. Ban sa ran zan sake ganinsa da idon nan ba.

Abin da na koya, na koye shi bayan ya daina yi mini amfani, sai dai ko ya amfani wani. Hatimi alkawari ne mutum yake ɗauka cewa ya gani da idonsa kuma zai amsa da wuyansa, ba kyautar da ake yi wa dangi don kunya ba. Tsarkin wurin da aka buga shi ba ya riƙe gini. Ku iyaye, in ɗanku ya ce muku aikinsa ya hana shi abu, ku bar shi ya ƙi, ko da wanda ya goya shi ne yake roƙo. Fushin ɗan'uwa yana wucewa. Mu mun guji fushin yini ɗaya, ga shi zan mutu babu ɗana a kusa da zai rufe mini ido.