Wayar Ranar Juma'a

Shekarun da na yi ina tuƙin motar kaya a Riyad, a unguwar Sulay nake kwana, bayan wani sito, ɗaki ɗaya da 'yan uwanmu Hausawa. Juma'a ce kaɗai tamu. In mun sauko daga masallaci sai mu baje da shayi da kubus, burodin Larabawa, mu kunna wata tasha mai nuna tsofaffin fina-finan kaboyi. Ba wani Turancinsu muke ji sosai ba, amma labarin ai ɗaya ne kullum: ɓarawon shanu ko ɗan fashi, a kamo shi, a kafa katako a tsakiyar gari, mutane su fito kallo har da goyo.

Ni dai rataya ta ishe ni. Amma dattijon ɗakinmu, wani magini da muke kira Baba, ba ya yarda a canza. Ƙanensa na kurkuku, ya kashe mutum a wurin faɗa. An yanke masa ƙisasi, sai dai ɗan mamacin yaro ne a lokacin, dole a jira ya balaga ya zaɓa, ko ya yafe ko a kashe. Saboda wannan jiran Baba ya ƙi komawa gida, ya tsufa yana sabunta iƙama, takardar izinin zama.

"Baba, kai kam me kake samu a wannan abu?" na tambaye shi wata rana.

"Ɗan nan, bari ka gani," in ji shi. "Yanzu wani zai taho a guje kan doki ya harbe igiyar."

Sau da yawa kuwa haka ake yi, mu yi ta ihu kamar muna silima a Kano. Duk Juma'a kuma kafin la'asar ƙanen yakan kira daga wayar kurkuku. Baba yakan ajiye wayarsa a kan gwiwa. Ba a faɗa wa dangi ranar da za a zartar, ƙarar wayar nan ce kawai shaidarmu cewa yana raye.

Yaron ya girma. Dattawanmu sun je sun roƙi danginsa, aka ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Wallahi mun gaji da jira, mu da ba namu ba ma.

Wata Juma'a wayar ba ta yi ƙara ba. A talabijin mai dokin ya iso, ya harbe igiyar. Aka kira la'asar, Baba bai motsa ba.

Ranar Lahadi wani ma'aikacin ofishin jakadanci ya zo da kansa. Ya ce tun Talata aka zartar da hukuncin, har an binne shi. Baba bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "Talata? Ai ranar muna zuba kankaren dakin a unguwar Nasim. Har abinci na ci, na nemi ƙari."