Gaɓar da Likita Ya Ba Ɗana

Bayan yaƙin basasa, ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, aka kawo mana likita ɗan Koriya. Gajeren mutum ne mai yawan rusunawa, har na rantse na taɓa ganin ya rusuna wa keken wani mai jinya. Sunansa gaɓa uku ne. Biyun farko sun kusa zubar wa rabin gari haƙora, ta ƙarshen ce kaɗai harshenmu ya iya ɗauka: Ho.

Haihuwar ɗanmu na fari ta zo da gardama, yaron ya juyo da ƙafa. Likitan nan ya yi wa matata aiki, ya ciro shi, su biyun suka rayu. Tun a barandar asibiti na yanke shawara: yaro ya ci sunan likita. Bakina kuwa ba ya riƙe ruwa. Kafin matata ta iya zama da kanta labari ya kai garinmu Kwoi, tsohuwata ta hau gingimari ta taho da buhun citta, matan zumunta sun shirya waƙa da sunan, Fasto ya sanar a majami'a. Mutum ɗaya ne bai sani ba, mai sunan.

Ana jibi suna na je gidansa da zakara a hammata.

"Likita, ka yi takwara," na ce ina washe baki.

Na yi masa bayani da Turanci. Mutumin ya yi fari kamar allin makarantarmu, ya nemi kujera ya zauna.

"Malam, me na yi maka?"

Zakaran ma sai da ya yi tsit. Na zo da girmamawa mafi girma da muke da ita, ga shi ana tambayata kamar na zagi kakansa.

Ya ɗauki tsinke ya zana gaɓar a ƙasa, ya nuna mini ɗige-ɗige uku a gefenta, ya ce alamar ruwa ce, ma'anarta ruwa mai faɗi. Ya ce ba tasa ba ce shi kaɗai. Wansa yana da ita a sunansa, ƙannensa haka, duk 'ya'yan baffanninsa haka. Kakanninsu ne suka jera gaɓoɓin tun da daɗewa, kowane tsara da tasa: masu ruwa su haifi masu itace, masu itace su haifi masu wuta, a tafi haka.

"Wato tun kafin a haifi kakanka an san rabin sunanka?"

"Har na jikokina an sani."

Ni da aka raɗa wa suna saboda ranar kasuwa, sai na ji jiri.

"In ɗanka ya ɗauki Ho," in ji shi, "ya zama ƙanena. 'Ya'yana sai su durƙusa masa, su ce baffa. Kuma a wurinmu ba a sa wa yaro sunan babba. 'Ya'yana ko faɗin sunana ba sa yi."

"Ai mu ma muna sakayawa, Likita. Sai mu riƙa ce masa Baba."

"Jariri? Baba?"

Ya dube ni, na dube shi, kowa na tausayin garin ɗan'uwansa. Sai na faɗa masa gaskiyar abin da ke cina: an yi waƙa, an sanar, tsohuwa ta iso. In na koma na ce likita ya ƙi, za a ce ya raina mu, ni kuma in bar Kafanchan a jirgin kaya.

Sai likita ya share ƙasar da tafin hannu ya zana wata gaɓar, da alamar itace a gefenta.

"Wannan ta 'ya'yana ce. Ni na ciro shi, ya shiga layinsu."

Faɗinta ne aiki. Ba gin ba ce, ba gun ba ce, tana maƙale a tsakani. Sai ka haɗe haƙora, ka ja leɓe kamar mai murmushin dole a gidan surukai, ka turo ta daga maƙogwaro. Na yi ta gwadawa har karen maƙwabta ya fara amsawa.

A gida tsohuwata ta ɗaure fuska. "Kai da baki. Ina sunan da muka yi wa waƙa? Wannan kuma me yake nufi?"

"Saiwa, Mama."

Ta dubi buhun cittarta a bakin ƙofa, ta ce to, mutumin ya san abin da ke ciyar da gida.

Ranar suna Fasto ya ɗaga yaro, ya haɗe haƙora ya faɗa, jama'a suka maimaita, majami'a ta cika da murmushin dole. Matan zumunta suka cusa sabuwar gaɓar a tsohuwar waƙarsu, ta shige da ƙyar. Likita ya shigo da 'ya'yansa maza biyu, ya tura su gaban jaririn ya ce su gaida ƙanensu. Ba wanda ya durƙusa. Babban ya lakuci kumatunsa, jaririn ya tsala ihu.